Rigar da Na Ɗinka wa Manhajar Masunta

Ta zo mana fara fat, kamar bangon asibiti,
manhajar da ƙungiyar masuntan Quellón ta samu kyauta.
Ba gishiri a jikinta, ba ƙarnin kifi.
Don Baldovino ya leƙa allon, ya taɓe baki:
"Gidan haya ne wannan. Wa zai sake a ciki?"

Sai aka ce ni, Eduvina,
tunda na yi shekara biyu a Puerto Montt ina koyon kwamfuta
kafin kuɗin su ƙare.

Da riga na fara.
Na ɗebo shuɗin da teku ke yi kafin rana ta fito,
na aro ruwan ɗorawa daga fentin cocinmu na katako.
Haruffan kuwa na kumbura su saboda Nibaldo,
mai hango garken kifi tun daga bakin gaɓa
amma ba ya ganin farashi a tafin hannunsa.

Sannan na huda mata ƙananan tagogi:
ɗaya tana faɗin cikar teku da janyewarsa,
ɗaya iska,
ɗaya kuɗin ƙaguwa a kasuwar Castro.
Tsinto su na yi inda masu kirki ke ajiye aikinsu don kowa.
Ta iskar wani ne ya ƙera ta a Gdańsk;
ban san fuskarsa ba, sunansa ma ya fi ƙarfin harshena,
amma a kan maganarsa mazanmu ke kwance igiya.

Daɗi ya ɗebe ni.
Na ƙara agogo, na ƙara wata,
na ƙara wani ɗan kifi mai iyo a gefen allo,
har ƙari goma sha tara.
Ta yi nauyi kamar kwale-kwalen mai zari:
ka taɓa ta, ka je ka dafa shayi,
ka dawo tana miƙa.
Baldovino ya ce, "In ruwa ya fara shiga, yarinya,
me ake fara jefarwa?"
Na jefar da kifin. Na ji zafinsa.

Wata Talata da dare masu ita suka sabunta ta, ba sallama.
Gari ya waye rigata ta yage a kafaɗa,
tagar iska ta makance.
Na aika wa mutumin Gdańsk. Shiru.
Ashe shekara uku ke nan bai waiwayi abinsa ba;
ko ya gaji, ko ya yi aure, ko ƙasa ta rufe shi.
Na zauna na farke cikinta da kaina,
ruwan sama na dukan kwano, murhu na cin itace,
sai wajen ukun dare na kama ɓarawon:
waƙafi guda, a layi na ɗari biyu da sha biyu.

Akwai taga ɗaya da ban aro wajen kowa ba.
Jerin jiragenmu ne, kowanne da ɗigonsa:
in ya fita, ruwan ɗorawa,
in ya dawo, kore.
Ita mata ke dubawa kafin su ɗora tukunya.

Talatin da ɗaya ne a jerin.
Talatin kan koma kore da yamma.
Golondrina, jirgin ƙanena Aladino,
ya fita ran tara ga Yuni, ruwa kwance lumui,
tagar iska ma ta ce ba komai.

Akwai maɓallin gogewa. Ni na sa shi, na san yana aiki.
Sakataren ƙungiya ya yi mini maganar sau biyu, a hankali.

Kowane dare innarmu kan ce in miƙo mata wayar.
Ba ta iya karatu ba.
Launi kawai take dubawa,
ta goge allon da gefen mayafinta,
ta miƙo mini.